Ragowar Iskar Malam Shehu

Tukwanen iskar oksijin talatin da shida nake da su a shekarar da nake son ba ku labari. Ashirin da huɗu daga ciki asibiti ɗaya suke yi wa aiki, wani asibitin kuɗi da ke nan cikin garin Sakkwato wanda ba zan kama sunansa ba. Da cinikin wannan asibiti nake ciyar da gidana, nake biyan hayar shagona na Mabera, nake zuba wa a-kori-kurata mai. A ɗaya gefen kuma akwai aikin wata nas, Sista Balkisu, wadda ba 'yar'uwata ba ce, ba kuma ta taɓa sayen ko washa a wurina da kuɗinta ba. Aka wayi gari dole in saki ɗaya daga cikin biyun.

Abin da ya sa na kawo maganar shi ne samarin da ke zuwa bencin ƙofar shagona suna cewa, "Alhaji, koya mana harkar nan mana. Ai ba ta da wuya, iska kawai kake sayarwa." Wani har lissafi ya buga mini a wayarsa, wai tukunya kaza sau kaza, a wata shida ya sayi mota. Idan na ji irin wannan raina ɓaci yake yi. Wanda bai taɓa tsayawa a sashen gaggawa yana kallon ƙirjin mutum yana hawa da sauka kamar zugazugi ba, bai san abin da ke cikin tukunyar nan ba.

A Tudun Wada na koyi aiki, wurin Malam Ladan, wanda ke sayar wa masu walda iska. Aikin farko da ya ba ni shi ne mirgina tukunya. Ba a saɓa ta a kafaɗa, ba a jan ta a ƙasa. Karkata ta ake yi, a riƙe wuyanta, a dinga juya ta a kan gindinta har inda za a kai ta. Na daɗe ina wannan kafin ya bari na taɓa sifana. Daga nan ya koya mini sa washa, wato ɗan zoben da ke toshe bakin tukunya kada iska ta tsere, da shafa ruwan sabulu a mahaɗa don a ga ko tana yoyo, da tsayawa a gefe idan za a buɗe, ba a gaban bakinta ba. Wata rana kan wata tukunya ya cije, wani makanike maƙwabcinmu ya taso da gwangwanin baƙin mai zai ɗiga, don a Tudun Wada duk abin da ya ƙi murɗuwa mai ake ba shi. Malam Ladan ya kaɓe gwangwanin har cikin kwata, ya ce, "Ɗauke man ga, ɗan nema! So kake ka tashi unguwa? Iskar ga ba ta shiri da mai, wuta take kamawa." Makaniken ya yi fushi ya daina gaishe shi. Malam Ladan bai damu ba.

Shi ne kuma ya raba mini iskar walda da ta asibiti. Ya ce tukunyar da ta taɓa zama a gareji ba ta da hurumin kusantar marar lafiya, ko da an yi mata sabon fenti. Lokacin da na tara ɗan jarina na ce masa asibiti nake son yi wa aiki, sai ya dube ni ya ce, "Mai walda in ka cuce shi ƙarfe ya ɓata. Can kuwa ka san abin da za ka ɓata." Da wannan ya sallame ni.

Kayan aikin ba su da yawa. Akwai tukunyar kanta. Akwai kai da ake ɗaura mata, mai agogo da ke nuna yawan iskar da ta rage a ciki. Kusa da agogon akwai siririn gilashi mai ɗan ƙwallo a ciki, da abin murɗawa a gefensa. In an murɗa, ƙwallon ya hau, iska ta ƙaru zuwa hancin marar lafiya. In an mayar, ƙwallon ya sauka, iska ta ragu. Likita ke faɗin inda ƙwallon zai tsaya, nas ke saita shi. Ku riƙe wannan abin murɗawar a ranku, don a kansa komai ya faru.

Ranar da na fara kai kaya wancan asibitin na haɗu da Sista Balkisu, wadda ke riƙe da sashen gaggawa da rana. Na sauke tukwane na miƙa mata takarda ta sa hannu, ta ƙi. Ta sa aka ɗaura kai a kan kowace tukunya ɗaya bayan ɗaya, tana duba agogo. Na ce, "Sista, ni ba na kawo rabin kaya." Ta ce, "Alhaji, ban ce kana kawowa ba. Amma idan ta ƙare mini a tsakiyar aiki, ba kai za a tambaya ba." Ta ware ɗaya ta ce washarta ta ci, tana jin huci. Na shafa ruwan sabulu, sai ga kumfa. Na canza washar ina ƙunƙuni. Tun daga ranar na san irin mutumin da nake hulɗa da shi. Na ga nas-nas da yawa a wannan sana'a, masu kula da marasa kula. Ita takan tsaya ta yi wa 'yan jinya bayani da Hausar da za su gane, ta ce wannan abu kada a taɓa, idan an ga leɓe ya canza launi a kira ta ko tana ina.

Tsarin asibitin shi ne abin da ban taɓa so ba. Wasu asibitocin sukan sayi iska su ajiye, su sa wa duk mai buƙata, kuɗin ya shiga cikin lissafin jinya. Nan kuwa manajan ya tsara cewa tukunya guda ake sayar wa dangin marar lafiya. Ka je wurin kashiya ka biya, a mirgino maka tukunyarka a ajiye a kan gadon ɗan'uwanka. Idan ta ƙare, ka koma ka biya wata kafin a ɗaura. Kuɗin da suke karɓa kuwa ya ninka wanda suke ba ni. Na yi wa manajan magana tun da wuri, na ce a mayar da shi lissafin wata, zan ma rage musu farashi. Ya ce, "Alhaji, kai dillali ne. Kawo kaya, karɓi kuɗinka. Gudanar da asibiti ba sayar da gas ba ne."

Sai shekarar annobar numfashi ta zo. Motocin da ke kawo mana iska daga nesa suka daina zuwa a kan kari, farashi ya haura, wasu dillalan da ban san daga inda suka tsiro ba suka shiga garejojin gari suna sayen tukwanen walda suna yi musu fenti. Wasu suna raba tukunya ɗaya gida biyu su sayar a kan cikakkiya. Na sha zagi a wannan shekarar daga mutanen da suke ganin ni na ɓoye iska. A cikin wannan hali Sista Balkisu ta tare ni wata rana a baranda ta ce akwai abin da ke damunta. Marasa lafiyar da ta bari suna samun sauƙi, idan ta shiga wani aiki ta dawo sai ta tarar sun koma baya, alhali ƙwallo yana inda ta bar shi. Ta tambaye ni ko iskata ce ba ta da kyau. Na ji haushi, amma na kwashe tukwanen na gwada su a gabanta, ba a sami komai ba. Ta ce za ta ci gaba da bin diddigi. Ba ta kai ga ganowa ba aka kawo Malam Shehu.

Manomin shinkafa ne daga wani ƙauye na bakin fadama. Ciwon ƙirji ya kama shi, aka yi ta jiƙe-jiƙe a gida har numfashi ya gagara, sannan ƙanensa Altine ya kawo shi. Ina wurin da hantsi ina sauke kaya aka shigo da shi. Na ga Altine a gaban kashiya yana kwance bakin wata tsohuwar leda yana ƙirga kuɗi. Ni da kaina na mirgina tukunyar zuwa gadon. Sista ta ɗaura, ta saita ƙwallo sama sosai kamar yadda likita ya ce, ta maƙala wa Malam Shehu abin gwaji a yatsa, ta jira har launin leɓensa ya dawo. Ta ce wa Altine, "Baba, ka ga wannan? Kada kowa ya taɓa. Shi ke riƙe da yayanka." Ya ce, "To, ɗiyata, Allah shi yi albarka."

Ina shirin fita sai ga motoci sun shigo da mutanen da suka yi haɗari a hanya, jini ko'ina. Nas biyu ke sashen, ɗayar ma sabuwa ce. Na ga Sista tana gudu tsakanin gadaje, tana ɗaure wannan, tana sa wa wancan ruwa, tana kiran likita. Duk wanda ya ce a irin wannan rana nas ɗaya za ta iya tsayuwa a kan gado ɗaya, ƙarya yake yi. Na kama hanyata.

Washegari na ji Malam Shehu ya rasu da la'asar ɗin ranar da aka kawo shi. Sista ta leƙo shi fiye da sau ɗaya, kowane zuwa tana samun ƙwallo a daidai, amma shi yana ƙara yin ƙasa. A zuwan ƙarshe ta kira likita, aka yi abin da za a iya, rai ya yi halinsa. Suna da wani ɗan 'yar'uwa ma'aikacin gwamnati a cikin gari, shi ya ɗaga magana, ya ce an yi watsi da kawunsa don talaka ne. Manaja bai tsaya tambaya ba, ya dakatar da Sista Balkisu, ya ce za a kafa kwamiti, kuma idan ta tabbata sakaci ne za a kai sunanta hukumar da ke ba nas-nas lasisi. Wanda ya hana a ƙara ma'aikata a sashen don kada albashi ya yi yawa, shi ne ya fi kowa ɗaga murya a kan sakaci.

Bayan an yi addu'ar uku, ina zaune a shago da rana sai ga wani dattijo ya yi sallama. Altine ne. Na yi masa ta'aziyya, na ba shi ruwa. Ya sha, ya gyara zama, ya ce, "Alhaji, asibiti sunka ce in taho wurinka, tunda kai ad da tukunya. Na zaka in karɓi canjina."

Na ce, "Wane canji, Baba?"

Ya ce, "Na iskar Shehu. Ba ta ƙare ba. Na lallaɓa ta ƙwarai, ta yi saura da yawa. Na ɗaura mata kaba ga wuya don kar ta ɓace cikin 'yan'uwanta."

Na tashi na shiga inda nake jera tukwanen da aka dawo da su. Ga ta nan da kabar a wuya. Na ɗaura kai, na buɗe. Agogo ya nuna fiye da rabi. A yadda na ga Sista ta saita ƙwallon, daga hantsi zuwa la'asar ya kamata a ce tukunyar nan ta kusa ƙarewa. Na dawo na zauna, na ce, "Baba, yaya ka yi ka lallaɓa ta?"

Ya yi mini bayani da sakin fuska, kamar manomin da ke faɗin yadda ya raba ruwan rani ya ishi gonarsa. Ya ce da nas ta tafi, yana zaune yana jin iskar tana huci, yana tunanin kuɗin shinkafarsu duka ne ke fita, kuma ba shi da na tukunya ta biyu sai an sayar da akuya ranar kasuwa. Sai wani mutum da ke jinyar mahaifiyarsa a gadon kusa ya matso ya ce masa, "Baƙo ne kai nan? Haka za ka bar ta tana zuba? Kafin dare ta ƙare, su ce ka kawo wasu kuɗi." Ya gwada masa yadda ake murɗawa ƙwallo ya sauka har hucin ya yi shiru. Ya ce masa kowa a ɗakin haka yake yi, amma idan aka hango farin kaya yana tahowa a yi maza a mayar, don nas-nas faɗa suke yi.

"Haka niy yi," in ji Altine. "In ta taho in maida, in ta wuce in rage. Ba ta gane ba ko sau guda. Sai dai kwanan Shehu ya ƙare, Allah shi jiƙan shi."

Na daɗe a wannan sana'a, na ga ha'inci iri-iri, amma ban taɓa jin abin da ya tafasa mini zuciya kamar wannan ba. Mutumin da ke gabana ba mugu ba ne. Tsoron kada iska ta yanke wa yayansa ne ya sa ya yi ta rage masa ita. An ɗauki abin da rai ya rataya a kansa an sa masa farashi irin na buhun gero, an miƙa wa talaka abin murɗawa a hannu, aka ce ya zauna ya saurari kuɗinsa na fita. Kuma 'yan jinya sun koya wa juna wannan dabara gado zuwa gado, kamar yadda ake nuna wa baƙo inda famfo yake. Na ce wa Altine ya kwana a gari, zan neme shi. Ban gaya masa komai ba, don ban san ta inda zan fara ba.

Da yamma na tafi Ƙofar Atiku, gidan Sista Balkisu. Mijinta malamin makaranta ne, ya shimfiɗa mana tabarma a zaure, ta fito ta zauna daga gefe. Na kwashe labarin na faɗa. Ta ce, "Shi ya sa. Shi ya sa nake samun ƙwallo daidai mutum yana tafiya." Ta fara ambato marasa lafiyar baya ɗaya bayan ɗaya, tana cewa wane ma ashe haka ne, wance ma haka ne. Mijin ya ce, "To, Alhaji, ai magana ta ƙare. Ka zo ka faɗa wa kwamiti." Ita kuma ta ce, "Tsaya, Malam. In an faɗa, tsohon nan zai san da hannunsa aka yi. Yaya zai kwana da wannan?" Na ce, "Sista, in ba a faɗa ba ke za ki tafi, kuma gobe wani zai murɗa." Ta ce ta yarda, amma da sharaɗin kada kowa ya kira shi mai laifi a gabanta.

Kafin ranar zaman na je wurin manaja, don ni ba na yi wa abokin ciniki kwanton ɓauna. Na gaya masa abin da na gano da abin da zan faɗa. Ya rufe ƙofar ofis ya ce, "Alhaji, wa ya sa ka? An gayyace ka?"

Na ce, "Tukunyata ce, Manaja."

Ya ce, "Ka san idan maganar nan ta fita, cewa za a yi tsarinmu ne ya kashe mutum? Yarinyar nan za mu ba ta takardar gargaɗi kawai, ta nemi wani wuri, shi ke nan. Kai kuma muna shirin ƙara maka sashen haihuwa. Ka yi tunani. Dillalai nawa ne ke bakin ƙofar nan suna roƙo?"

Na ce, "Masu fentin tukwanen gareji? Ka ɗauke su."

Ya ce, "Kai dai ka tuna wa ke ciyar da kai."

Ba zan ce muku ban yi lissafi ba. Ni ɗan kasuwa ne, na yi shi a hanyar komawa Mabera, na sake yi bayan sallah. Lissafin bai ba ni riba ta ko'ina ba. Amma idan aka kori nas ɗin da ke duba washa da kanta aka bar tsarin da ke sa mutane rage iska, to duk tukunyar da zan sauke a wurin na san abin da za a yi da ita. Ba zan iya kai kaya a haka ba.

Ranar zaman akwai babban likitan asibitin, da shugabar ma'aikatan jinya, da manaja, da ɗan 'yar'uwar marigayin, da Sista. Na shiga da tukunyar ina mirginawa, kabar tana wuyanta, Altine yana biye da ni. Manaja ya ce ba a gayyaci dillali ba. Likitan ya ce a bar ni. Na ɗaura kai na nuna musu agogo. Likitan ya dubi agogon, ya tambayi Sista inda ta saita ƙwallo da lokacin da aka ɗaura. Sai ya juya ga Altine cikin ladabi ya ce, "Baba, gwada mana yadda ka yi." Altine ya taso ya kama abin murɗawar da yatsu biyu, ya sauke ƙwallo ƙasa har hucin ya ɗauke, ya ce, "Haka. Kun ji ta yi shiru? Nan ba ta ɓarna."

Ɗan 'yar'uwar ya dafe kai. Altine ya dubi fuskokinmu ɗaya bayan ɗaya, hannunsa yana kan tukunyar. Ya ce, "Mi af faru?" Ya juya ga likitan. Ya ce, "Likita, ragewar da niy yi... ita ta?"

Likitan ya ce, "Baba, rai na Allah ne. Ciwon yayanka mai tsanani ne ƙwarai. Amma iskar da aka saita masa, dukanta yake buƙata."

Altine ya sulale ya zauna a ƙasa yana salati. Manaja ya buɗe baki ya ce, "To kun gani, laifin dangi ne, mu mun yi musu bayani..." Nan na manta a ofishin mutane nake. Na ce, "Rufe mana baki! Kai ka sayar masa da numfashin ɗan'uwansa tukunya-tukunya, ka ninka kuɗin, ka ce in ta ƙare sai ya biya za a ɗaura wata. Me kake so ya yi? Jiya nas ce mai laifi, yau tsoho ne. Kai yaushe za a zo kanka?" Shugabar ma'aikatan jinya ta ce in zauna, na ƙi zama. Sista Balkisu kuwa ba ta kula mu ba. Ta durƙusa kusa da Altine ta ce, "Baba, dube ni. Ba kai ka sa wa iska kuɗi ba. Ba kai ka fara murɗawa a ɗakin nan ba, koya maka aka yi. Allah ya san abin da ke zuciyarka." Ya ce, "Ɗiyata, ashe ke anka kora saboda ni." Ta ce, "Ba saboda kai ba ne."

Kwamiti ya wanke ta a ranar. Ɗan 'yar'uwar ya janye ƙararsa, ya ba ta haƙuri a gaban kowa. Likitan ya ce a riƙa liƙe abin murɗawa da filasta, a kuma duba batun sayar da tukunya. An yi liƙin na ɗan lokaci. Batun sayarwar kuwa mai asibitin ya ce ba a taɓa masa hanyar shigar kuɗi.

Ni kuwa takardar sallamata ta iso kafin mako ya zagayo, wai sun sami wanda ya fi ni sauƙi. Da na je kwashe tukwanena, biyar ba a gan su ba, har yau ana nema. A-kori-kura ta tafi kafin damina, da keke napep nake kai kaya yanzu. Rabin shagon na ba wani mai sayar da katin waya haya. Na sa wa kaina doka, ba na kai iska duk asibitin da ke sayar wa dangi tukunya guda, kuma duk kan da zai fita daga shagona sai na sa masa murfi a kan abin murɗawa, mabuɗin yana hannun nas. Wannan doka ta rage mini abokan ciniki fiye da yadda annoba ta rage. Samarin benci idan na kai nan a labari sai su fara duba waya.

Altine bai karɓi canjinsa ba. Na bi shi da kuɗin har tasha, ya ce in riƙe, ragowar iskar a sa wa wanda ba shi da hali, sadaka ga Shehu. Sista Balkisu ta bar wancan asibitin da kanta ta koma wani, can na kai mata tukunyar, ta ɗaura wa wata mata da aka kawo ba ko sisi.

To ga lissafin. Na rasa babban cinikina, da mota, da tukwane biyar, da rabin shago, kuma ban mayar da ko ɗaya ba. Abin da aka samu shi ne nas ɗaya tana nan kan aikinta, tana koya wa na bayanta su duba agogon tukunya, kada su tsaya ga ƙwallo kawai. Wancan asibitin kuwa yana nan yana sayar da tukunya guda-guda, da kayan wani dillalin. Kwanakin baya na shiga duba wani maƙwabcina da aka kwantar a can. Ina sa ƙafa a ɗakin da farar riga, na ga hannuwa uku sun yi sauri sun koma kan abin murɗawa.